Layin Rawaya a Kan Noti

Ranar Talata, ƙarfe bakwai da kwata na safe, tayar baya ta hagu ta fita daga jikin motar da ke kai yaran unguwarmu makaranta. A kan titin Bosso abin ya faru. Tayar ta yi gaba ita kaɗai ta daki rumfar wani mai lemo, motar kuma ta ja gefe ta kwanta cikin kwata. Yara goma sha huɗu ne a ciki. 'Yata Na'ima, mai shekara shida, ta karye a hannu. Amir, ɗan maƙwabcinmu Kamalu, kansa ne ya bugu da ƙarfen taga, har dare bai san inda yake ba.

Kafin in dawo daga asibiti da Na'ima, unguwarmu Ketaren Gwari ta riga ta yanke hukunci. Taya ba ta fita haka kawai, in ji mutane, kwance ta aka yi. Kuma sunan mutum ɗaya ne a bakin kowa: Ebenezer, bakaniken da ya shekara goma sha tara da gareji a bakin layinmu. Shi ya sauya wa motar taya huɗu wata biyu da suka wuce. Shi ne kuma suka yi cacar baki da Kamalu makon jiya a kan baƙin mai da ke gangarowa daga garejin zuwa ƙofar gidan Kamalu. Sai ga Sanda mai keke-napep ya ce da idonsa ya ga mutum durƙushe a gindin motar da asuba, riƙe da dogon ƙarfe.

Da la'asar samari suka farfasa allon garejin, suka kifar da durom ɗin mai. Ebenezer ya fita ta baya, ya tsere gidan yayansa a Chanchaga. Mai unguwa Ndaliman ne ya zo ya tsaya a ƙofar da kansa, ya sa kwaɗo, ya ce duk wanda ya kawo ashana wurin nan shi da shi ne. Ya ce a haɗu a ƙofar gidansa ranar Juma'a bayan la'asar. In Ebenezer ba shi da amsa, a miƙa shi ga 'yan sanda, kuma ya bar unguwar har abada.

Ni tela ce, ba ruwana da mota. Mijina yana aiki a Abuja, sai ƙarshen wata yake zuwa, don haka ni da Na'ima muna zaune a gidan mahaifina, Baba Maliki, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Amma a daren nan, ina kallon 'yata tana barci da hannu a naɗe, abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Wata rana za ta sake shiga motar nan. In an kori wanda ba shi ba ne, to hannun da ya yi abin yana nan tare da mu.

Baba bai taɓa tuwonsa ba. Na ce a raina damuwar jikarsa ce.

*

Laraba da safe na je inda abin ya faru. Mai lemon yana gyara rumfarsa. Da ya ji ni uwar ɗaya daga cikin yaran ce, ya ajiye guduma ya yi mini jaje, sannan ya zaro wani abu daga cikin gwangwanin canjinsa.

“Hajiya, ga wannan. Uku na tsinta a bakin kwata. Babu wanda ya tambaya.”

Notin taya ne guda uku. Na juya ɗaya a tafin hannuna. Ramin tsakiyarsa ba fanko ba ne, akwai guntun ƙusa a ciki, ya cika shi dam. Wajen da ƙusar ta karye ya sirance, kamar alewar da yaro ya ja kafin ya gutsura. A gefen kowane noti kuma akwai ɗan layin fenti ruwan rawaya.

Ban san mota ba, amma na san maɓalli. Maɓallin da aka ɓalle da hannu daban yake da wanda ya tsinke ya tafi da zarensa. In da kwance notin nan aka yi, me ya sa ya faɗi da ƙusarsa a ciki?

*

Direban motar, Malam Ndakotsu, na same shi a ƙofar ɗakinsa da bandeji a goshi. Banufe ne, mutum mai yawan dariya, amma ranar ko murmushi babu.

“Maman Na'ima, wallahi ni ban taɓa tayan nan ba,” ya ce tun kafin in zauna. “Ranar da aka sa shi, na ce ma Ebenezer ya kawo bututu a zura wa sifana in hau in taka, yadda muke yi tun muna yaran mota. Ya yi mini ihu kamar na zagi babansa. Wai kar in kuskura. Ya ɗauko wannan abin nasa, ya ja, abu ya ce ƙas, wai shi ke nan. Ke ma kina wurin ai.”

Ina wurin. Na je karɓar Na'ima ne, na tsaya na gani.

“To wa kake zargi?”

Ya duba hagu da dama. “Ki tambayi Sanda. Da shi yake kai yaran kafin iyaye su kawo mota. Shi ya ga mutum, shi ya ga ƙarfe, shi ya ga komai. Shi wa ya gan shi?”

Sanda yana wanke kekensa a bakin famfo. Da na faɗa masa abin da ake cewa, ya jefar da soson cikin bokiti har ruwa ya fallatso mini.

“Ni? Haba, Maman Na'ima! Zakiyyata fa tana cikin motar. Kujera ɗaya suke zama da 'yarki. Haƙorinta biyu suka fita. In kwance taya, in kuma ɗora 'yata a kai?”

Na ba shi haƙuri. Na ce ya gaya mini abin da ya gani kawai.

“Duhu-duhu ne, ina fita da keke. Mutum a durƙushe, dogon ƙarfe a hannu.”

“Ka ga fuskarsa?”

“Ban gani ba. Amma wa zai durƙusa wa taya da asuba in ba bakanike ba? Kuma ba ranar kaɗai ba ce. Na sha ganinsa. Na ɗauka aikinsa yake yi.”

“Ka sha ganinsa? Tun yaushe?”

Ya ɗaga kafaɗa. “Ya yi wata guda. Ko fiye.”

Na tafi ina juya maganar. Mai son kwance taya sau ɗaya zai zo. Me zai dawo da shi kullum?

*

Alhamis na bar Na'ima wurin Baba, na hau keke zuwa Chanchaga. Gidan yayan Ebenezer yana gangaren da ke kallon kogi. Matar gidan ta ƙi buɗe mini sai da shi da kansa ya leƙo ta taga.

Kwana biyu kawai, amma ya faɗa. Mutumin da ke cika gareji da waƙar coci da zolayar masu wucewa, ga shi zaune a bakin gado, gemu ya fito fari-fari.

“Maman Na'ima. Yaya hannun yarinya? Amir fa, ya tashi?”

“Ya buɗe ido jiya. Bai yi magana ba tukuna.”

Ya rufe fuska da hannu. Da ya sauke, na zube masa noti ukun a kan tebur. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da taga, ya daɗe yana kallo.

“Wannan ba kwancewa ba ne,” ya ce a hankali. “Tsinkewa ne. An ja shi, an ja shi, har ya gaji.”

“Kai ka matse su, Oga Ebenezer.”

“Ni na matse. Bari ka gani.” Hausarsa ba ta raba mace da namiji, mun saba. Ya jawo wata doguwar jar akwati daga ƙarƙashin gado. “Da zan gudu, ban ɗauki riga ba, wannan na ɗauka.”

A ciki akwai sifana doguwa kamar hannuna, da lambobi a jikin mariƙinta. Ya ce bakanikai suna ce mata tok, sifana ce mai awo.

“Mutane suna tsammani ƙusa itace ne, a buga ya zauna. Ƙusa kamar roba ne. In ka matse noti, ƙusa yana miƙewa kaɗan, wannan miƙewa shi ke riƙe taya. Bai kai ba, taya ya yi rawa. Ya wuce, ƙusa ya miƙe ba ya komawa, ya yi siriri. Wata rana a rami ɗaya, fat.”

“Kamar zaren keken ɗinki,” na ce. “In na murɗa masa ya yi tsauri da yawa, ɗinki zai yi kyau a ido, sai an sa rigar ya tsinke.”

Ya dube ni, karon farko ya yi ɗan murmushi. “Shekara goma sha tara ina faɗa wa direbobi, ba wanda ya gane da sauri haka.”

Ya nuna mini yadda yake yi. Kowace mota da lambarta a littafinta, ta wannan motar ɗari da goma ce. Yana da sifana irin wannan guda biyu, ƙarama da babba, kuma yakan zaɓi wadda lambar ta faɗo a tsakiyar awonta, don a can bakin farko ko ƙarshe ba ta faɗin gaskiya sosai. Zai goge ƙusar ta bushe, ba mai, ba giris, domin mai yana sa noti ya zarce ba a ji ba. Zai fara ɗaura kowane noti da yatsa. Sai ya murɗa mariƙin har lambar, ya kulle. Ba ya bin noti a jere, tsallakawa yake yi, wannan sai na gabansa, don tayar ta zauna daidai. Ya riƙe mariƙin a inda aka yi don hannu, ya ja a hankali ba fizga.

“Ya ce ƙas, ka tsaya. Sau ɗaya. Ba a cewa bari in ƙara don Allah. In na gama, in mayar da lamba ƙasa kafin in ajiye. Ba na kwance noti da shi, ba na sa masa bututu, ba na ba kowa aro. Duk shekara ina kai shi a gwada.”

“Wannan fentin fa?”

“Nawa ne. In na gama, ina ja layi daga noti zuwa jikin wili, ƙarfen tsakiyar taya. Bayan kwana biyu mota ya dawo, na sake gwadawa, layi yana nan daidai.” Sai ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. “Sauran taya uku! Ina motar take?”

“An jawo ta ƙofar gidan Mai unguwa.”

“Maman Na'ima, ni ba zan iya zuwa ba, za su kashe ni. Ka je ka duba layi. In ya koma baya, an kwance. In yana daidai, laifina ne, in je kurkuku. In kuma ya yi gaba…”

Na kwashe noti ukun na kama hanya.

*

Motar tana tsaye a kan duwatsu a gindin bishiyar mangwaro. Na ɗaure gyalena a ƙugu na durƙusa, na goge laka da bakin zanena.

A jikin wili layin rawaya yana nan. A jikin noti ma yana nan. Amma sun rabu. Na notin ya yi gaba, ta hannun da agogo ke tafiya, kusan rabin zagaye. Na duba na biyu, haka. Na uku, haka. Taya uku, noti goma sha takwas, babu ɗaya da ya koma baya. Wani ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, yana ƙara musu matsi. Mugu ba ya aiki da natsuwa irin wannan.

Kafin hatsarin, motar a gaban tebur ɗin Iya Bintu mai koko take kwana, kuma Iya Bintu kan hura wuta tun kiran sallar farko. Na same ta tana tace gasarar gobe.

“Iya, da asuba wa kike gani a wurin motar?”

“Ba kowa, 'yar nan. Na gaya wa Mai unguwa, ni ban ga baƙo ba.”

“Ban ce baƙo ba, Iya.”

“To ai sai 'yan masallaci. Su wuce, su dawo.” Ta matse tsumman tacewa. “Ni bayana nake ba motar, hayaƙi yake sa ni. Sai dai ƙarar nan da nake ji.”

“Wace ƙara?”

Ta ɗauki ludayi ta buga a bakin tukunya. Ƙwan-ƙwan. Ta dakata. Ƙwan-ƙwan. Ta dakata.

“Haka, ta zagaye motar kaf. Na ɗauka direba ne.”

Na san ƙarar nan tun ban iya magana ba. Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana sintirin layin dogo. Kullum da asuba zai bi layin a ƙasa, ya bugi kowace ƙusa sau biyu ya saurara, sannan ya sa doguwar sifana ya ƙara mata kaɗan. Yakan ce a tsawon aikinsa jirgi bai taɓa sauka daga layi a yankinsa ba. Har yau da bututun ƙarfe yake dogarawa maimakon sanda, wanda ya taho da shi daga wurin aiki. Duk unguwa an saba ganinsa da shi, har ba a ganinsa.

*

Da na koma gida yana masallaci. Na shiga ɗakinsa, abin da ban taɓa yi ba sai da sallama. A ƙarƙashin buzun sallarsa na sami sabuwar sifanar taya mai lanƙwasa. A cikin bakinta akwai ɓurɓushin fenti rawaya.

Na zauna a ƙasa. Sai maganata ta dawo mini, ta daren da aka sauya tayoyin, muna cin tuwo. Na ce, “Baba, ka ga abin da Ebenezer ya yi kuwa? Ɗan ƙas kawai, wai shi ne zai riƙe tayar da 'yata ke kai. Ni dai hankalina bai kwanta ba.” Ya dai dubi Na'ima.

Juma'a da safe na kai masa koko, na ajiye noti ɗaya a kan faifai kusa da kofin. Ya kalle shi, bai taɓa ba.

“Haula,” ya ce, “da asubar ranar nan na bi su duka. Ashirin da huɗu. Babu mai motsi. Kwana uku ke nan ina tambayar kaina, ta yaya abin da na matse da hannuna zai fita?”

“Baba, ba fita ya yi ba. Tsinkewa ya yi.”

Na gaya masa abin da Ebenezer ya nuna mini. Ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa.

“Ƙusar layin dogo kaurin damtsen yaro gare ta,” ya ce. “Matsi ba ya yi mata yawa.”

“Wannan kaurin yatsana ce, Baba.”

Na'ima ta shigo tana neman ya ɓare mata lemo. Ya ɓare ya ba ta. Da ta fita na ce, “Yau za a kori Ebenezer. Wataƙila a ɗaure shi.”

“Kamalu kuma ɗansa yana kwance,” ya ce. “Kin san zuciyarsa.”

Na sani. Na ga abin da aka yi wa allon gareji. Na dubi mahaifina, shekara saba'in da huɗu, gwiwa ba lafiya. Na ɗauki kofin na fita, bai sha ba.

*

Bayan la'asar ƙofar gidan Mai unguwa ta cika. Maza a kan tabarmi, mata a tsaye ta gefen katanga. Ebenezer ya zo tsakanin yayansa da wani ɗan sanda da Mai unguwa ya gayyato, jar akwatinsa a hammata. Ndakotsu da Sanda suna harare-harare. Kamalu daga asibiti ya taho, idanunsa jajur. Baba yana can baya a kan benci, bututunsa tsakanin gwiwoyi. Ban san zai zo ba.

Kamalu ya fara. “Ranka ya daɗe, maganar ba ta da tsawo. Shi ya sa taya, shi muka yi faɗa da shi, shi aka gani da ƙarfe. Ɗana har yanzu bai ce Baba ba.”

Samari suka ɗauki hayaniya. Na ratsa ta cikin mata na fito.

“Ranka ya daɗe, ina da magana.”

“Tela kuma?” wani ya ce. “Taya za ta ɗinke mana?”

Mai unguwa ya ɗaga hannu. “'Yarta tana cikin motar. Faɗi, Maman Na'ima.”

Na miƙa masa noti ukun da ƙusoshinsu a ciki. Na kai shi gindin motar na nuna masa layin rawaya, ɗaya bayan ɗaya. Ya sa tabarau ya durƙusa, ɗan sandan ma ya durƙusa. Na ce babu wanda ya kwance tayar nan, matse ta aka yi ta yi bayan Ebenezer ya gama aikinsa, har ƙusoshin suka gaji.

Kamalu ya yi wata dariya mara daɗi. “Matsi ya karya ƙarfe? Maman Na'ima, nawa ya ba ki ki zo ki faɗi wannan?”

“Baban Amir, hannun 'yata a karye yake.”

“To mu gani.” Ya fizgi sifanar taya daga hannun Ndakotsu, ya kafa a notin motar, ya ja don ya ƙara masa matsi, ko motsi. Ya waiga yana neman abin ƙarin tsawo. Idonsa ya faɗa kan benci. “Baba Maliki, ara mini sandarka.”

Baba ya dubi bututun, ya dube ni, ya miƙa.

Kamalu ya zura sifanar a bakin bututun. Ya danna, ba ma da ƙarfi sosai ba. Notin ya juya lakwas kamar a cikin man shanu, sai fat! Ya faɗo ƙasa ya gangara har gaban Mai unguwa, da guntun ƙusa a cikinsa, wuyanta siriri, irin ukun da ke hannunsa sak.

Ebenezer ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

Kamalu ya daɗe yana kallon notin. Da ya ɗago, muryarsa ta sauya. “To wane ne? Kin bi sawu har nan, kin san shi. Wane ne?”

Duk idanu suka dawo kaina. Sai na ji bencin baya ya motsa. Baba yana miƙewa, ba abin dogarawa, yana dafa kafaɗar na kusa da shi.

“Ni ne, Kamalu.”

Ya gyara tsayuwa ya ci gaba.

“Kullum in na fito masallaci. Sati bakwai. Jikata tana ciki, ɗanka yana ciki, na ce ba zan bar su a hannun ɗan ƙas ba. Abin da na iya ke nan, shi na yi.” Ya juya ga Ebenezer. “Kai ka yi daidai. Na zo na ɓata. Kwana uku ina ji ana kiran sunanka, na yi shiru. Wannan shirun ya fi mini nauyi.”

Na ga hannun Kamalu ya ƙanƙame bututun. Ban san lokacin da na shiga tsakaninsu ba.

“Ni na sa shi, Baban Amir. Ni na je gida na ce aikin Ebenezer bai kwanta mini ba. Ban san komai a kai ba, na faɗa. In za ka ɗaga ƙarfen nan, ta kaina zai fara bi.”

Ya dube ni, ya dubi tsohon da ya yi masa huɗuba a kunnen Amir ranar da aka haife shi. Sai ya saki bututun ya faɗi a kan siminti da ƙara, ya juya ya bi hanyar asibiti. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Ɗan sandan ya ce Baba zai bi shi ya ba da bayani a rubuce. Mai unguwa ya ciro makullin gareji daga aljihu ya kai wa Ebenezer har inda yake zaune, ya ce waɗanda suka fasa allo su za su gyara shi kafin Lahadi. Samarin da suka fi kowa ihu suka sulale ɗaya-ɗaya.

*

Amir ya yi magana a kwana na tara. Ruwa ya nema. Likita ya ce zai daɗe kafin ya koma makaranta. Kullum Baba yana zuwa ƙofar gidan Kamalu ya yi sallama, kullum yaro ko mata su ce ba ya nan. Gobe ya sake komawa. Bututun yana wurin Mai unguwa, bai nema ba. Kafaɗata yake dafawa.

Ranar da aka gama gyaran motar, Ebenezer ya aiko a kira mu. Ƙusoshi ashirin da huɗu duka ya sauya. Ya matse ashirin da uku, ya ja musu layi, ya bar ɗaya a tayar baya ta hagu. Ya murɗa mariƙin sifanar zuwa ɗari da goma, ya kulle.

“Baba, ban taɓa ba kowa wannan ba. Zo.”

Baba ya durƙusa da ƙyar, ya kama mariƙin da hannu biyu. Ya ja a hankali.

Ƙas.

Na ga kafaɗunsa sun sake tattaruwa, na ga jijiyar hannunsa ta tashi. Shekara talatin da biyu suna cikin hannun nan, kuma Na'ima tana tsaye a bayansa da jakar makaranta.

“Ya isa, Baba,” na ce.

Ya daɗe a haka, bai ja ba, bai saki ba. Sannan ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ebenezer ya tsoma buroshi a fenti ya miƙa masa, Baba ya ja layin da kansa.